Tarihin Ciwon Ɓarin Kai: Kwaɗo Da Mabuɗinsa

Akwai wani ciwon kai da ba ya kama kai duka. Gefe guda yake kamawa, dama ko hagu. Yana bugawa kamar ana daka cikin kai. Mai shi ba ya son hasken rana, ba ya son hayaniya, har ƙamshin miya yana tayar masa da zuciya. Sau da yawa yakan yi amai. Wani kafin ciwon ya zo sai ya ga walƙiya a idonsa, ko ya ga rabin abu ya ɓace masa. Ciwon yakan ɗauki awa 4, yakan kai kwana 3. Sai ya tafi, mutum ya tashi garau. Bayan sati ko wata sai ya dawo.

Shi ne ciwon ɓarin kai. Masu bincike sun ƙidaya, sun ce cikin mutum 7 ɗaya yana da shi. A duniya duka masu shi sun fi miliyan dubu. Mata sun fi maza yawa, kusan ninki uku.

Ciwo ne da ba a ganinsa. Babu kumburi, babu miki, jiki ba ya zafi. Shi ya sa akan ce wa mai shi raggo. Mace ta kwanta ɗaki ranar daka, sai a ce makirci ne. Wasu su ce iska ce ta taɓa ta. To, ga tarihin wannan ciwo, da yadda mutane suka yi ta nemansa har suka gano inda yake kama jiki. Wanda ya ji tarihin ba zai ƙara cewa ƙarya ce ba.

Mutanen da sun san shi

A ƙasar Masar an tono wata tsohuwar takardar magani. An rubuta ta kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Cikinta akwai maganin ciwon rabin kai: a soya ƙashin kan tarwaɗa, a shafa wa mai ciwon. Maganin bai da ƙarfi, amma ya nuna mana abu ɗaya. Yau fiye da shekara 3500 ke nan mutane suna fama da wannan ciwo.

Bayan haka likitocin Girka suka yi rubutu kansa. Babbansu shi ne Jalinusu, wanda aka haifa a shekara ta 129, a cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yau. Ya sa wa ciwon suna hemikraniya, wato rabin ƙoƙon kai. Daga wannan suna Faransawa suka samo kalmar migren, wadda mukan ji a gidan likita. Jalinusu yana ganin wani tururi ne ke tashi daga ciki ya hau kai. Dalilinsa shi ne aman da masu ciwon ke yi.

Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, wato abin da ya tsaga biyu. Cikin littafin Buhari an rawaito cewa an yi wa Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata gare shi, ƙaho a ka saboda shaƙiƙa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin ciwon cikin babban littafinsa na magani. Zahrawi kuwa, likitan Andalus da ya rasu a 1013, ya rubuta yadda ake yin lalas da ƙarfe mai zafi a gefen kai.

Kun ga ke nan, ƙaho da tsaga da wanzamanmu ke yi a gefen goshi ba baƙon abu ba ne. Likitocin duniya sun daɗe suna yin haka. Duk sun lura da jijiyar da ke bugawa a gaban kunne, suka ce can ciwon yake.

Gardama biyu

A nan sai mu bambanta abu biyu da Hausa ke kira da suna ɗaya. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu cikinta kamar ruwa cikin tiyo. Akwai kuma jijiyar saƙo, fara kamar zare, wadda ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da ciwo.

A 1672 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya ce jini ne ke cika jijiyoyin kai har su kumbura. Bayan shekara 200, a 1873, wani likitan Ingila, Edward Liveing, ya ce a'a. Ya ce hadari ne ke tasowa cikin jijiyoyin saƙo da ƙwaƙwalwa, kamar yadda hadarin damina ke haɗuwa, ya zuba, ya wuce. Likitoci suka rabu biyu, masu cewa jini da masu cewa ƙwaƙwalwa. Ku riƙe wannan gardama, za mu komo gare ta.

Magani daga cutar hatsi

A ƙasashen sanyi na Turai ana noma wani hatsi dangin alkama, Faransawa na ce masa segal. Shekarar da ruwa ya yi yawa, wata cuta takan kama zangarniyarsa. Maimakon ƙwaya sai wani baƙin abu mai tauri ya fito, mai kama da ƙayar bayan ƙafar zakara. Sunansa ergo. In an niƙa shi cikin gari aka ci, sai ya matse jijiyoyin jini. Yatsu su yi zafi kamar wuta, su yi baƙi, su guntule. A zamanin da ya hallaka mutane da yawa a Faransa da Jamus.

Amma ungozomomin Turai sun san kaɗan daga cikinsa yana matse mahaifa. Likitoci suka yi tunani: in ciwon ɓarin kai kumburin jijiya ne, abin da ke matse jijiya zai yi maganinsa. A 1868 wani likita a Ingila, Edward Woakes, ya gwada. A 1918 wani masani a garin Basel na ƙasar Suwis, Arthur Stoll, ya tace ainihin sinadarin daga cikin ergo, aka sa masa suna ergotamin. A 1938, a birnin New York na Amurka, likitoci biyu, Graham da Wolff, suka auna bugun jijiyar gefen goshi. Suka ga in an yi allurar ergotamin bugun yana raguwa, ciwon ma yana raguwa. Masu cewa jini suka ce sun ci gardama.

Ergotamin ya taimaki mutane, amma yana da sharri. Yana ƙara amai. Yana matse jijiyoyin hannu da ƙafa da zuciya. Yana iya zubar da ciki. Wuƙa ce mai kaifi biyu.

Manoma, a nan akwai abin da ya shafe mu. Geronmu ma yana da irin wannan cuta, ƴar'uwar ta Turai. Lokacin da gero ke fure, in akwai laima, za ku ga wani ruwa mai danƙo kamar zuma yana ɗiga daga zangarniya. Daga baya sai wasu ƙwayoyi masu duhu da tauri su fito. Wannan ba maganin ciwon kai ba ne. Sinadarinsa dabam ne, cinsa yana kawo jiri da amai. In an zuba hatsin cikin ruwan gishiri, ƙwayoyin cutar sukan taso sama, sai a kwashe a zubar.

Abin da aka samu cikin jinin shanu

Yanzu sai mu bar ciwon kai kaɗan, mu leƙa mahauta.

Tun da daɗewa masana sun lura, in jini ya daskare, ruwan da ya kwanta a kansa yana matse jijiya. Ba su san abin da ke ciki ba. A garin Cleveland na Amurka akwai masu bincike uku: Irvine Page, da Maurice Rapport, da wata mace, Arda Green. Su hawan jini suke bincike, ba ciwon kai ba. Suka riƙa karɓo jinin shanu daga mahauta, bokiti bayan bokiti. Suka tace, suka sake tacewa. A 1948 suka samu ɗan gari ƙanƙane. Suka sa masa suna serotonin, ma'anarsa abin cikin ruwan jini mai ɗaure jijiya.

Ashe tun wajen 1937 wani masani a Italiya, Vittorio Erspamer, ya samu wani sinadari cikin tumbi da hanjin dabbobi, mai sa hanji motsi. A 1952 aka gane shi ne serotonin ɗin. A 1953 wata mai bincike, Betty Twarog, ta same shi cikin ƙwaƙwalwa.

Abu ɗaya, wuri uku: jini, da hanji, da ƙwaƙwalwa. Yau an san kashi 9 cikin 10 na serotonin ɗin jikinmu cikin hanji yake. Shi ɗan aike ne. Jiki ke yin sa da kansa daga abincin da muke ci. Yana da hannu cikin barci, da jin yunwa, da tashin zuciya, da kwanciyar rai. Ku duba waɗannan wurare uku, ku tuna mai ciwon ɓarin kai: kai na bugawa, ciki na juyawa, ido na walƙiya. Likitoci ma haka suka duba, suka fara zargi.

Zargi ya zama shaida

A garin Florence na Italiya akwai likita mai suna Federigo Sicuteri. A 1959 ya ba masu ciwon wani magani mai tare hanyar serotonin, sunansa metisarjid. Ciwon ya rage zuwa. A 1961 ya auna fitsarin masu ciwon, ya ga ranar da ciwon ya tashi, tokar serotonin takan ƙaru cikin fitsari. Daga baya aka ga metisarjid yana sa wani tauri cikin ciki da ƙirji in an daɗe ana sha. Yau an janye shi daga kasuwa.

A 1960 likitocin Amurka suka yi wa masu ciwon allurar serotonin a jijiya. Ciwon ya lafa. A garin Sydney na Ostareliya, tsakanin 1965 da 1967, likita James Lance da abokan aikinsa suka auna jini. Suka ga serotonin yana raguwa cikin jini lokacin ciwon. Su ma suka yi allurar, ciwon ya sauka.

To me ya hana a raba wa kowa serotonin? Allurar tana sauke ciwon kai, amma tana matse ƙirji, tana kawo jiri da tashin zuciya, fuska ta yi zafi. An kori kura, an shigo da zaki.

Kwaɗo da mabuɗi

Ga inda asirin yake. Ɗan aike ba ya aiki sai ya samu mai karɓar saƙo. A jikin jijiya da hanji da ƙwaƙwalwa akwai wasu ƴan ƙananan wurare da ido ba ya gani. Nan serotonin ke sauka. Bari mu kira su makarɓa. Makarɓi kamar kwaɗon ƙofa yake, serotonin kuwa mabuɗi.

A 1957, a garin Edinburgh na Birtaniya, masana biyu, Gaddum da Picarelli, suka yi gwaji da hanjin ɓeran Masar. Suka gano kwaɗon serotonin ba iri ɗaya ba ne, iri biyu ne. Bincike ya ci gaba. Yau an san iri 14, cikin zuriya 7.

Ku ɗauka babban gida ne mai ɗaki 14, kowane ɗaki da kwaɗonsa. Serotonin shi ne mabuɗin maigida, yana buɗe su duka. In an yi allurarsa, ɗakin da ke sauke ciwon kai zai buɗe. Amma ɗakin amai ma zai buɗe, da na jiri, da na matse ƙirji. Ergotamin ma haka yake, yana buɗe kwaɗuna da yawa, har da waɗanda ba na serotonin ba. Abin da ake bukata shi ne maƙerin da zai ƙera mabuɗin ɗaki ɗaya tak.

Maƙerin ya fito daga Ingila. Sunansa Patrick Humphrey, yana aiki a kamfanin magani na Glaxo. Ya fara a 1972. Ya bi jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, yana neman kwaɗon da ke cikin jijiyoyin kai wanda babu shi da yawa a sauran jiki. Ya samu irinsa cikin jijiyar ƙafar kare, ya riƙa gwaji da ita. Shi da abokan aikinsa suka ƙera mabuɗi bayan mabuɗi, suna gwadawa suna yarwa. Sai a 1984, bayan shekara 12, suka dace. Sunan maganin sumatiriftan. An fara sayar da shi a ƙasar Holan a 1991. A gwajin da aka yi, cikin mutum 10 da aka yi wa allurarsa, kimanin 7 sun samu sauƙi cikin awa ɗaya. Mahaƙurci mawadaci.

Bayansa aka ƙera ƙannensa. Yau su 7 ne, ana kiransu tiriftan. Dukansu kwaɗo biyu suka fi buɗewa. Masana sun ba kwaɗunan lamba: 1B da 1D. Na 1B yana jikin jijiyar jini, in an buɗe shi jijiyar ta tsuke. Na 1D yana bakin jijiyar saƙo, in an buɗe shi jijiyar ta yi shiru.

Yadda gardamar ta ƙare

Humphrey ya ƙera mabuɗinsa ne don ya matse jijiyar jini. Maganin ya yi aiki. Amma ko matsewar ce ta sauke ciwon?

Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin ciwo. Tantanin da ya lulluɓe ta ne ke ji, shi da jijiyoyin jinin da ke cikinsa. Wannan tantani shi ne wanda sanƙarau ke kamawa. Akwai wata babbar jijiyar saƙo mai reshe uku, ɗaya a dama ɗaya a hagu, mai kula da fuska da goshi da wannan tantani. A 1979 wani likitan Amurka, Michael Moskowitz, ya ce a duba wannan jijiya, ita ce hanyar ciwon.

A 1990 masana biyu, Lars Edvinsson na ƙasar Suwed da Peter Goadsby na Ostareliya, suka ɗebi jini daga wuyan masu ciwon. Suka ga wani ɗan aike na dabam ya yi yawa, ana ce masa CGRP. Bakin jijiyar nan mai reshe uku ne ke fesa shi, shi kuma yana hura wutar ciwon. A 1993 suka nuna cewa in an ba da sumatiriftan, CGRP yana raguwa, ciwon ya sauka.

A 2013, a birnin Kopenhagen na ƙasar Danemark, aka ɗauki hoton jijiyoyin kai da na'ura lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa. Aka ga jijiyoyin wajen ƙoƙon kai ba su kumbura ba. Na ciki kuwa kaɗan suka buɗe.

Shaida ta ƙarshe ta zo daga wani kwaɗo na uku, mai lamba 1F. Shi yana kan jijiyar saƙo, ba ya matse jijiyar jini. Aka ƙera masa mabuɗinsa, sunansa lasmiditan. Amurka ta yarda da shi a 2019. Yana sauke ciwon ba tare da ya tsuke jijiya ba, sai dai yana sa jiri, an hana mai shan sa tuƙi har awa 8. A 2018 kuma aka fito da allurar da ke tare hanyar CGRP, don hana ciwon zuwa.

Ashe Liveing, mai maganar hadari, ya fi kusa da gaskiya. Ciwon ɓarin kai daga ƙwaƙwalwa da jijiyar saƙo yake tasowa. Jijiyar da ke bugawa a gaban kunne, wadda aka yi dubban shekaru ana tsagawa ana ƙonawa, ba ita ce mai laifi ba.

Abin da ya shafe mu

Na farko, wannan ciwo na gaskiya ne. An auna shi cikin jini, an auna shi cikin fitsari. Yana bin dangi, uwa takan ba ɗiyarta. Ba lalaci ba ne. Miji, in matarka ta ce ɓarin kanta ya tashi, ka bar ta ta kwanta ɗaki mai duhu, ka kore yara daga ƙofa.

Na biyu, kowa ya san abin da ke tayar masa da nasa. Ga waɗanda aka fi sani: yunwa, ƙishirwa, rashin barci, zafin rana, damuwa, da lokacin al'adar mata. Kai da ka koyi rubutu, ga aikin da rubutu zai yi maka. Samu ɗan littafi. Duk ranar da ciwon ya zo, rubuta ranar, da abin da ka ci, da barcin da ka yi, da maganin da ka sha. Bayan wata uku ka kai wa likita. Littafin nan zai gaya masa abin da baki ya manta.

Na uku, magani yana nan. Asfirin da ibufurofen da farasitamol suna taimakon mutane da yawa in an sha da wuri, tun ciwon bai kankama ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sumatiriftan cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Amma ba kowa yake yi wa aiki ba, cikin mutum 3 wajen ɗaya ba ya jin sauƙi da shi. Kuma kwaɗon 1B akwai shi a jijiyoyin zuciya. Saboda haka mai ciwon zuciya, da mai hawan jini da bai sauka ba, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, bai kamata su sha ba. Likita ne zai rubuta shi. Mace mai ciki kada ta kusanci ergotamin, kada kuma ta sha kowane magani sai ta tambayi likita ko ungozomar gidan haihuwa.

Na huɗu, yawan shan magani shi kansa yana kawo ciwon kai. Wanda ke shan tiriftan ko ergotamin kwana 10 cikin wata, ko farasitamol kwana 15, kansa zai koma ciwo kullum. Ƙwayoyin da ake tallansu kan faranti ranar kasuwa, cikin rana da ƙura, ba a san abin da ke cikinsu ba. Wanda ciwon ke yawan zo masa, akwai maganin riga-kafi da ake sha kullum, ya tambaya a gidan likita.

Na biyar, ba kowane ciwon kai ne ɓarin kai ba. In akwai zazzaɓi, a je a auna jini, ko zazzaɓin cizon sauro ne. In akwai zazzaɓi kuma wuya ya sanƙare, musamman daga lokacin hunturu zuwa bazara, wannan alamar sanƙarau ce, kada a kwana. In ciwon ya faɗo farat ɗaya da ƙarfin da ba a taɓa ji ba, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a ɗauki mutum nan take. Haka mace mai ciki da kanta ke ciwo, fuska da hannuwa suka kumbura.

Daga ƙashin tarwaɗa zuwa mabuɗin kwaɗo ɗaya, an yi shekara 3500. Mutanen Masar da Girka da Larabawa sun ba ciwon suna. Mutanen Italiya da Amurka da Ingila da Ostareliya sun bi sawunsa cikin jini. Har yau ba a samu maganin da ke raba mutum da shi har abada ba, bincike yana ci gaba. Amma abin da aka samu ya isa ya mayar wa mai noma kwanakin aikinsa, ya mayar wa uwa kwanakin renonta. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.